Teyatur a zamanin Kunce: dariya a dandali, magana a zaure

Ran 15 ga Afirilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, Seyni Kunce ya hau mulki. Aka rushe majalisa, aka hana jam'iyya, aka jingine tsarin mulki. Gidan radiyo ɗaya ne, shi ma na gwamnati. Ku tambayi iyayenku, za su gaya muku lokacin nan mutum sai ya waiga hagu da dama kafin ya ambaci sunan shugaba, don bai san wa ke kai rahoto ba. Amma a cikin waɗannan shekaru ne wasan kwaikwayo na Hausa, wanda muke ce ma teyatur, ya yi tashe a ƙasar nan. To yaya aka yi bakin da ya rufe a kasuwa ya buɗe bisa dandali?

Abin yana da saiwa. Bahaushe bai jira Nasara ba kafin ya iya kwaikwayon mai iko. A Damagaram akwai wasan kara, inda matasa ke zaɓen wanda ya yi kama da wani babba, su sa masa irin tufafinsa, ya ɗauki tafiyarsa da muryarsa, a yi masa dogarai da kayan aiki na kara. Manyan da ake kwaikwayo sukan zo kallo, su dara. Ga kuma ƴan kama, masu juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya. Ke nan mun daɗe da wata ƙa'ida: abin da aka faɗa cikin wasa ba a kai shi gaban alƙali.

Kunce ya tarar da wannan ƙa'ida, ya yi aiki da ita. Da ya rushe jam'iyya, yana bukatar hanyar isa ga talakawa, sai ya raya samariya, unguwa-unguwa, gari-gari. Aka kafa bikin matasa na ƙasa, wanda ke zagaya manyan garuruwa, ana gasar waƙa da rawa da teyatur. Kafin ƙungiya ta kai can sai ta yi nasara a garinta, sannan a jiharta. Gidajen matasa suka zama wurin gwaji. Radiyo yana watsa wasanni, daga baya Tele Sahel ta shigo, aka riƙa taruwa gaban talabijin ɗaya a unguwa. Ƙungiyar gidan radiyon Damagaram ta yi suna ƙwarai, kuma cikinta ne Yazi Dogo, wanda mushen lakkwal ne tun farko, ya zama sananne har ƙetaren iyaka. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta bi ƙungiyoyin nan, ta fitar da littafi a kansu a 1987.

Ni da nake karatun kimiyyar harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake gina wasan. Galibi ba a rubuta maganganun. Ƴan wasa su zauna su shirya ƙashin labari, su raba matsayi, kowa ya zo da bakinsa. Don haka Hausar dandali ita ce Hausar titi. Ma'aikacin biro ya fito yana cusa faransanci cikin kowace jimla don ya razana baƙauye, jama'a su fashe da dariya, domin kowa ya taɓa tsayuwa gaban irinsa da takarda a hannu. Alhaji mai ɓoye hatsi, malamin tsibbu, uban da ke aurar da ɗiya dole, saurayin da ya tafi bida ya manta gida, duk an gan su. Kayan aikin kuwa habaici ne da karin magana da zambo. Habaici ba ya kiran suna. Wanda ya tsargu, shi ya sani. Wanda ya faɗa kuma yana da mafita: ai wasa ne.

Kada mu ruɗi kanmu fa. Gwamnati ce ke ba da dandali, ita ke ba da kyauta, sau da yawa saƙonta ne ake isarwa: aikin gayya, haɗin kai, yaƙi da cin hanci. Ana iya taɓa ƙaramin ma'aikaci, amma hannu ba ya kaiwa sama. Soja mai mulki ba abin wasa ba ne. Har ana iya cewa dariyar ta yi wa mulki amfani, tunda ta nuna ɓarna daga ƙasa take, shugaba shi ne mai gyara.

Duk da haka akwai abin da gwamnati ba ta iya tsarewa: hirar da ke biyo bayan wasa. Kakata ta ce mini in aka watse daga kallo, a hanya ake fara gardama. Wannan ya ce uban yarinyar ke da gaskiya, waccan ta ce a'a. Kafin a kai gida an bar zancen ƴan wasa, an koma kan auren da aka ɗaura a unguwa makon jiya. Matar da ba za ta iya cewa mijinta azzalumi ne ba tana iya cewa alhajin cikin wasa azzalumi ne, a gabansa, ya ji. A nan ne siyasar teyatur take.

Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990 da Taron Ƙasa na 1991, jam'iyyu da jaridu da radiyoyi masu zaman kansu suka fito, samariya ta dushe, matasa suka koma fada da shayi. Teyatur bai mutu ba, sai dai yau yawancinsa na faɗakarwa ne: ƙungiya ta biya, a yi wasa kan rigakafi ko karatun ƴan mata, a ƙare da amsar da aka shirya tun daga biro. Jama'a su tafa, su watse, ba gardama.

Ƴan'uwa, muna da Facebook da WhatsApp, muna zagin juna da suna, amma yaushe rabon da unguwa guda, tsoho da yaro, mace da namiji, ta zauna ta kalli matsalarta tare? Tabarma da fili da mutum biyar sun isa. Mu ɗauki rikicin famfon unguwa ko kuɗin aure, mu yi wasan, mu tsaya kafin a raba gardamar, mu tambayi masu kallo yadda za a yi.