Weji: Sandunan Gajeren Bugu a Wasan Golf da Adadin da Ake Ɗauka

Weji suna ne na wani rukunin sandunan golf masu gajeriyar ƙota da kai mai nauyi, waɗanda fuskarsu ta fi ta sauran sanduna kwanciya baya. Wannan kwanciyar ce ke sa ƙwallo ta tashi sama sosai, ta yi gajeren zango, ta faɗo ta tsaya kusa da inda ta sauka. Da su ake yin bugun da bai wuce yadi 120 ko 130 ba zuwa rami, da su kuma ake fid da ƙwallo daga ramin yashi ko daga cikin doguwar ciyawa. Ana auna kwanciyar fuska da digiri, kuma galibi akan zana lambar a ƙasan kan sandar. Babu dokar da ta ƙayyade adadin weji da mutum zai ɗauka. Yawancin ƙwararru suna ɗaukar huɗu, masu wasan sha'awa kuwa uku ne suka fi yawa a jakarsu, kuma dalilin bambancin yana tattare da wata doka dabam da kuma yadda kamfanoni suka sauya ƙirar sanduna.

Ire-irensu

Iri huɗu ne sanannu. Na farko shi ne wejin cilli, mai harafin P ko PW, wanda kwanciyarsa takan kama daga digiri 44 zuwa 48. Shi yana zuwa ne tare da jerin sandunan ƙarfe idan an sayi saiti, don haka kusan kowa yana da shi. Na biyu wejin cike giɓi, mai harafin G ko A, daga digiri 50 zuwa 53 ko kusa da haka. Na uku wejin yashi, mai harafin S, daga 54 zuwa 58. Na huɗu wejin lob, mai harafin L, daga 58 zuwa 64, wanda ke cilla ƙwallo kusan a miƙe sama. Iyakokin nan ba a dutse aka rubuta su ba. Sanda mai digiri 58, wani kamfani ya kira ta ta yashi, wani ya ce ta lob ce. Shi ya sa masu harkar suka fi kiran lamba a kan suna, sai ka ji ɗan wasa ya ce wa mai ɗaukar masa jaka, "Miƙo mini 56."

Dokar sanda 14

Tambayar "nawa zan ɗauka" ba za ta taso ba in ba don dokar da ta hana shiga fili da fiye da sanda 14 ba. Hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fara aiki da ita a 1938, ita kuma R&A da ke St Andrews a Sikotland ta bi sahu a 1939. Kafin nan abin ya wuce gona da iri. Lawson Little, wanda ya ci manyan gasannin masu sha'awa na Amurka da na Birtaniya a 1934 ya kuma maimaita a 1935, yakan shiga fili da sanda kusan talatin, mai ɗaukar jaka na nishi a bayansa.

Hukuncin keta dokar a wasan ƙirga bugu shi ne ƙarin bugu biyu a kan kowane rami da aka buga alhali sandar da ta yi yawa tana cikin jaka, amma ba ya wuce bugu huɗu a zagaye guda. Ian Woosnam, ɗan Wales, ya ɗanɗana wannan a ranar ƙarshe ta gasar Open ta 2001 a Royal Lytham. Ramin farko a can gajere ne, ba ya buƙatar direba, wato babbar sandar bugun nesa, saboda haka babu wanda ya leƙa wannan gefen jakar. Sai da suka isa rami na biyu mai ɗaukar jakarsa ya ga direba biyu a ciki, sanda 15 ke nan. Woosnam ya zaro ɗaya ya yi jifa da ita cikin ciyawa, aka ƙara masa bugu biyu alhali yana cikin na kan gaba. David Duval ne ya ɗauki kofin.

Lissafin jaka ba wuya. Direba da fota, sandar gangara ƙwallo cikin rami, sun ci gurbi biyu. Sandunan nesa biyu su ci biyu. Ƙarafa daga lamba 4 zuwa 9 shida ne. Goma ke nan, saura huɗu. Wanda ya cike su da weji huɗu ya gama. Wanda kuwa yake son ƙarin sandar nesa, dole ya sauko zuwa uku. Duk wejin da ya shiga, akwai sandar da ta fita.

Yadda suka ƙaru daga ɗaya zuwa huɗu

Kafin shekarun 1930, sanda guda mai suna nibilik ce ke yin duk wannan aiki, kuma ramin yashi abin tsoro ne ko ga gwanaye, domin bakin sandar nutsewa yake yi cikin yashi. An gwada wata mai fuska kamar cokali, Bobby Jones ma ya yi amfani da ita a 1930, amma aka haramta ta a 1931. Gene Sarazen ne ya kawo abin da ya ɗore: ya narka dalma ya liƙa a ƙasan kan nibilik, har bayan ƙasan ya fi bakin saukowa, sandar ta koma zamewa a cikin yashi maimakon haƙa. Da ita ya je filin Prince's da ke Sandwich a Ingila ya ci gasar Open ta 1932. Daga nan har kusan shekara hamsin, weji biyu ne ƙa'ida, na cilli da na yashi.

Na lob ya shigo ne ta hannun Dave Pelz, masanin kimiyyar lissafi da ya bar aiki a NASA ya koma nazarin gajeren bugu. Tom Kite na cikin ƙwararrun farko da suka karɓi shawararsa suka sa sanda mai digiri 60 a jaka, tun farkon shekarun 1980. A ranar ƙarshe ta gasar US Open ta 1992 a Pebble Beach, iska na kaɗawa da ƙarfi, ƙwallonsa ta kauce wa filin rami na 7, ya ɗauko wannan sandar ya cilla ta faɗa rami kai tsaye, ya kuma ci gasar.

Wejin cike giɓi kuwa kasuwa ce ta haife shi. Kamfanoni sun lura mai saye yana auna sanda da nisan bugunta, sai suka riƙa rage kwanciyar ƙarafa a hankali, lambar da ke jiki tana nan yadda take. Wejin cilli da yake kusan digiri 50 a shekarun 1970 ya koma 46, a wasu saitocin yau ma 43. Wejin yashi bai motsa daga 56 ba, domin yashi bai canza hali ba. Giɓin da ya buɗe tsakaninsu aka ƙera sabuwar sanda don cikewa a shekarun 1990. A gaskiya, wejin cike giɓi na yau shi ne wejin cilli na jiya, suna kawai aka sauya masa, aka kuma sake sayar da shi.

Biyu, uku ko huɗu

Masu ƙera weji, irin su Bob Vokey na kamfanin Titleist, suna ba da shawarar tazarar digiri 4 zuwa 6 tsakanin sanda da mai bi mata, abin da kan ba da bambancin yadi 10 zuwa 15 a cikakken bugu. Ma'ana, ba daga adadi ake farawa ba. Ana fara duba digirin wejin cillin da ya zo da saiti, sannan a zaɓi mafi kwanciyar sandar da mutum zai iya sarrafawa, sai a raba tsakani. Mai cilli 46 zai iya ɗaukar 52 da 58, uku ke nan, ko 50, 54 da 58, huɗu ke nan. Mai cilli 48 yakan bi 52, 56, 60. Wanda nasa 43 ne kuma ba shi da wani sai 56, akwai digiri 13 a tsakani, wato zangon yadi talatin ko fiye da ba shi da cikakken bugunsa. Irin wannan, ko sabon shiga ne, biyu ba za su ishe shi ba.

Ƙarfin bugu ma yana da ta cewa. Mai bugun nesa yana yawan tarar da ƙwallonsa cikin yadi 130 daga rami, kuma tazarar da ke tsakanin sandunansa tana da faɗi, don haka huɗu sun fi masa amfani. Dattijo ko mace mai sanyin bugu, wadda digiri 4 ba zai ba ta bambancin da ya wuce 'yan yadi kaɗan ba, ta fi cin ribar ƙarin sandar nesa.

Ƙwararru kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Tiger Woods ya yi yawancin rayuwarsa ta wasa da uku, na cilli da 56 da 60, yana cike giɓin da hannunsa. Da 60 ɗin ya yi shahararren bugun nan na rami na 16 a gasar Masters ta 2005. Phil Mickelson yana ɗaya gefen: ya saba ɗaukar mai digiri 64, kuma a gasar Open ta 2013 a Muirfield ya ajiye direba gaba ɗaya don mai digiri 64 ɗin ta samu gurbi, ya kuma ci. Pelz ya koyar da tsarin agogo, inda hannun hagu ke tsayawa a ƙarfe bakwai da rabi, ko tara, ko goma da rabi yayin ɗaga sanda. Weji huɗu sau uku, zango goma sha biyu. Sai dai tsarin yana cin lokacin atisaye, kuma a nan ne masu sha'awa da yawa ke faɗuwa. Sanda mai digiri 60 ba ta yafe kuskure: a ɗan taɓa ƙasa da wuri ƙwallo ta tsaya a gaban ƙafa, a ɗan makara bakin ƙarfe ya tsinke ta ta wuce rami kamar harsashi. Ga mai fita fili sau ɗaya a mako, uku da suka ƙare a 56 ko 58 sun fi huɗu da suka ƙare a 60.

Ƙasa da yashi

Bayan kwanciyar fuska akwai lamba ta biyu, ta tudun nan da Sarazen ya ƙirƙiro a ƙasan kai, wanda ake kira bawuns. Digiri 4 zuwa 6 ƙarami ne, 7 zuwa 10 matsakaici, sama da haka babba. Babba ya dace da yashi mai laushi da ƙasa mai danshi. A busasshiyar ƙasa mai tauri kuwa tsalle yake yi, bakin sanda ya bugi cikin ƙwallo. Masu wasa a filayen Kano da Kaduna da Rayfield na Jos suna ganin yanayin biyu a shekara guda, taurin lokacin hunturu da laushin damina, kuma wannan kaɗai dalili ne na a bambanta bawuns tsakanin weji biyu na ƙarshe, ɗaya babba ɗaya ƙarami. A filayen da ake amfani da yashi mai mai a maimakon ciyawa a kewayen rami, gangaro ƙwallo a ƙasa yakan fi cilla ta sama, wejin lob kuma aikinsa ya ragu.

Tsagogin da ke fuskar weji su ne ke kama ƙwallo su sa ta juyawa. Tun daga 2010, USGA da R&A sun taƙaita girmansu da kaifin bakinsu a sandunan da suka kai digiri 25 ko fiye, don kada bugu daga doguwar ciyawa ya yi sauƙi. Tsagogin suna cinyewa da amfani, musamman a wejin yashi, shi ya sa ƙwararru ke sauya shi sau da dama a shekara alhali sauran ƙarafan suna nan.