Birnin da ya ƙi rufe makarantunsa a 1918

Da annobar mura ta mamaye Amurka a ƙarshen 1918, daidai shigowar sanyi, yawancin manyan birane sun garƙame makarantu da majami'u da gidajen kallo. St. Louis ta yi haka tun farkon Oktoba. New York kuwa, tare da Chicago da New Haven, ta bar yara suna zuwa aji.

Kwamishinan lafiya na New York, Royal Copeland, shi ya kafe a kan haka. Ɗaliban birnin sun kai kusan miliyan ɗaya, kuma kashi uku cikin huɗu suna kwana a gidajen haya masu cunkoso, ba iska ba tsafta. A makaranta malami zai duba yaro kowace safiya. Wanda aka ga yana tari ko zazzaɓi a ware shi, likita ya gani, a kai shi gida ko asibiti. Ga ɗan talaka, wannan kulawa ce da ba zai samu a gida ba, kuma hujjar Copeland tana da ƙarfi.

Gidajen wasan kwaikwayo ma ba a rufe su ba, sai dai an hana cunkoso da shan taba. Shaguna da masana'antu aka raba musu lokutan buɗewa da tashi, don jiragen ƙarƙashin ƙasa su rage cika.

Duk da haka murar ta kashe mutum kusan 30,000 a birnin. Amma idan aka auna da yawan jama'a, asarar ba ta kai ta Boston ko Philadelphia ba.