Murhu da Tukunya: Tarihin Mashayun Ingila

Mashayar Ingila ta samo asali ne daga gidaje iri uku da suka daɗe kowanne yana cin gashin kansa. Akwai gidan giyar sha'ir na talakawa, wanda sau da yawa ɗakin girkin wata matar aure ne da ke dafa giya don iyalinta, ta sayar wa maƙwabta da rarar. Akwai gidan giyar inabi na cikin gari, matattarar 'yan kasuwa da masu hannu da shuni. Sai masaukin matafiya a bakin manyan hanyoyi, mai ɗakunan kwana da barga da abinci. Ƙidayar da aka yi a 1577 a Ingila da Wales ta sami gidajen giyar sha'ir 14,202, masaukai 1,631, da gidajen giyar inabi 329. Hukuma ta sa musu ido tun da wuri: a 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataye alama a ƙofa, kuma tun da yawancin mutane ba su iya karatu ba, sai ake zana hoton zaki ko agwagwar ruwa ko kambin sarauta. Dokar 1552 ce ta kawo lasisi.

Ba a fahimtar matsayin waɗannan gidaje sai an san hunturun ƙasar. A watan Disamba rana kan faɗi a Landan tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga yayyafi da hazo da iska mai ratsa ƙashi. Itace da gawayi da kyandir suna da tsada, gidan leburan gona kuma ɗan ƙarami ne mai danshi. Wutar da ke ci a mashaya ta kowa ce. Tsofaffin gine-ginen suna da wani makeken murhu da aka gina shi ya shige cikin bango, da benci a kowane gefe, har mutum ya zauna a ciki ya shanya rigarsa da ruwa ya jiƙa, tukunyar romo na rataye da sarƙa a kan garwashi. Da yawa daga masu zuwa ɗumi da haske da hira ne suka fito da su daga gida, sha ya biyo baya.

Abinci kuwa sana'ar masauki ce. Zamaninsa na bunƙasa shi ne ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, lokacin da aka gyara hanyoyi, karusan dawaki suka riƙa zirga-zirga bisa jadawali. Karusar wasiƙu ta farko ta tashi tsakanin Bristol da Landan a 1784. Dawaki ba sa jure doguwar tafiya da gudu, don haka duk bayan mil goma zuwa goma sha biyar sai an sauya su, kuma a kowane zango akwai masauki da ke jira, kamar yadda a dā fatake suke da masu masaukinsu a hanyar Gwanja. Matafiyi kan sauko jiki a sandare, ya tarar da gasasshen naman sa ko na tunkiya, burodi da cuku, da nama da aka gasa cikin ɓawon fulawa. Lokacin cin ɗan kaɗan ne, domin mai karusa ba ya jiran kowa. George Inn da ke Southwark, wanda aka sake ginawa bayan gobarar 1676, yana nan har yau da barandunsa na katako masu kallon tsakar gida, inda dā karusai ke juyawa.

Jirgin ƙasa ne ya karya wannan kasuwa. Daga 1830, da aka buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester, masaukan bakin hanya suka fara rasa baƙi. A shekarar ce kuma majalisa, don ta janye talakawa daga barasa mai ƙarfi, ta ba duk mai biyan harajin gida damar buɗe gidan giya da kuɗin lasisi kaɗan, aka buɗe fiye da 20,000 cikin ƙanƙanen lokaci. Mashayar zamanin Sarauniya Victoria ta zama wurin shan ma'aikatan masana'antu, an rarraba ta ɗaki-ɗaki gwargwadon aljihu, har da wani ɗan lungu mai gilashi dishi-dishi inda mata ko limamin coci kan zauna ba a gan su ba. Masu yaƙi da shaye-shaye sun yi ta kokawa, kuma suna da hujja, ganin albashin da ke ƙarewa a can iyali na kwana da yunwa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta taƙaita sa'o'in buɗewa. Girki ya ja baya ƙwarai, har ya kai abin da ake samu a wurare da yawa bai wuce soyayyen dankali na leda da dafaffen ƙwai da aka jiƙa a ruwan tsami ba.

Mota ce ta fara dawo da tukunya, da mutanen birni suka soma fita ƙauye a ƙarshen mako. A shekarun 1960 hukumar tallata madara ta yayata farantin burodi da cuku da albasa mai tsami da sunan abincin ranar manomi, dabarar sayar da cuku ce, amma ta karɓu. Babban sauyi ya zo bayan 1989, da gwamnati ta tilasta wa manyan kamfanonin giya su saki dubban mashayun da suka mallaka. A 1991 David Eyre da Mike Belben suka karɓi The Eagle a unguwar Clerkenwell ta Landan, suka kafa murhun girki a gaban jama'a, suna rubuta abincin ranar da alli a kan allo. Wasu suka bi sahu. Hana shan taba a cikin gini a 2007 ya ƙara jawo iyalai da yara, kuma a 2011 The Hand and Flowers da ke Marlow ta zama mashaya ta farko da ta sami taurari biyu na yabon girki na Michelin.

Abin da ake nema a kaka da hunturu a yau bai yi nisa da na matafiyan dā ba: wuta a murhu, gasasshen naman ranar Lahadi da dankalin turawa da romo mai kauri, da naman fakarar daji ko barewa a lokacin farauta. Aikin ba da mafaka ma bai ƙare ba. A Nuwamba 2021 dusar ƙanƙara ta tsare mutane kusan sittin kwana uku a Tan Hill Inn da ke Yorkshire, mashaya mafi tudu a Birtaniya, mita 528 sama da teku. Duk da haka adadin mashayu yana raguwa saboda tsadar haya da makamashi da raguwar masu sha. A wasu ƙauyuka mazauna kan haɗa kuɗi su sayi tasu don kada a mai da ita gidan zama, kamar yadda mutanen Hesket Newmarket a Cumbria suka sayi The Old Crown a 2003.