Gadon kariya daga zazzaɓin cizon sauro

Gadon kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata siffa ce ta jini da mutum kan gada daga iyayensa, wadda ke rage masa haɗarin mutuwa idan cutar maleriya ta kama shi. Masana sun danganta yawaitarta a Afirka ta Yamma da abin da ake kira zaɓin yanayi: inda cutar ta shafe dubban shekaru tana kashe ƙananan yara, waɗanda jininsu ya fi jure mata su ne suka fi kaiwa shekarun aure, suka haihu, suka bar wa zuri'arsu wannan siffa. Misalin da ya fi shahara shi ne ƙwayar gadon sikila, wato amosanin jini.

Yammacin Zamfara

Ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi suna cikin yankunan da maleriya ke tashi kowace shekara. Gulbin Zamfara ya ratsa yankin, kuma fadamu da kududdufan damina suna ba sauro jinsin Anopheles wurin hayayyafa. Cutar ta fi tsanani daga Yuli zuwa Oktoba, shi ya sa ake rabon maganin rigakafi gida-gida ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a waɗannan watanni. Ƙwayar cutar da ta fi yawa ita ce Plasmodium falciparum, wadda ta fi sauran kisa.

Ƙwayar sikila

Kowane mutum yana gadon ƙwayar himogulobin guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA ba ya ɗauke da sikila, mai SS yana da cutar, mai AS kuwa yana ɗauke da ita ba tare da ciwon ba. Idan ƙwayar maleriya ta shiga jajayen ƙwayoyin jinin mai AS, ba ta samun sakewa, kuma saifa kan tace ƙwayoyin da suka kamu da wuri. Wannan na rage haɗarin maleriya mai tsanani da kusan kashi 90 cikin ɗari. Anthony Allison ne ya nuna wannan alaƙa a 1954, bayan aikinsa a Gabashin Afirka.

Wata hujja ta fito ne daga Garki, a Jihar Jigawa ta yanzu, wadda yanayin daminarta ya yi kama da na Zamfara. A can Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da babban binciken maleriya tsakanin 1969 da 1976. Sakamakon da A. F. Fleming da abokan aikinsa suka wallafa a 1979 ya nuna cewa kashi 24 cikin ɗari na jarirai masu AS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai kashi 29. Ba jinin kowa ne ya sauya ba. Yara masu AA ne suka fi mutuwa. Masu SS kuma, da suka kai kimanin kashi 2 a cikin jarirai, da ƙyar aka same su a cikin manya. Cutar tana rage masu AA, sikila tana rage masu SS, don haka ƙwayar S ba ta ɓace ba, ba ta kuma game kowa ba.

Wasu siffofin

Ba sikila kaɗai ba ce. Himogulobin C, da ta fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, da ƙarancin sinadarin G6PD, su ma suna ba da kariya. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da sinadarin Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, wanda Plasmodium vivax ke bi wajen shiga, shi ya sa wannan nau'in ya yi ƙaranci a yankin. A 1996 David Modiano da abokan aikinsa sun gano a Burkina Faso cewa Fulani ba sa kamuwa kamar maƙwabtansu Mossi da Rimaiɓe, duk da sauro ɗaya ke cizonsu. An fi danganta wannan da ƙarfin garkuwar jiki, ba sikila ba.

Aure da gwajin jini

Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya masu AS ne, kuma ana ƙiyasta haihuwar jarirai 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Mutane da yawa kan ɗauka ɗa na huɗu ne kawai zai kamu, alhali kowane ciki lissafinsa daban. Ana iya haifar masu SS biyu ko uku a jere. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na sikila.

Akwai kuma masu cewa mai AS ba ya yin maleriya. Yana yi, kuma yana buƙatar gidan sauro, gwaji da magani kamar kowa. Ga mai SS kuwa, maleriya na iya tayar da ciwon, ta jawo ƙarancin jini mai tsanani cikin ɗan lokaci.