Ƙungiyar Kiɗan Ɗanƙwairo: Tarihinta da Saɓanin Ra'ayi a Kan Waƙoƙinta

Ƙungiyar kiɗan Ɗanƙwairo gungun makaɗan fada ne na gado daga ƙasar Maradun, a Jihar Zamfara ta yau, wanda ya yi fice a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Musa Ɗanƙwairo. Tana cikin ƙungiyoyin kiɗan Hausa mafi daɗewa, domin sana'ar ta ratsa daga uba zuwa 'ya'ya har zuwa jikoki. A Birnin Kabi da Argungu, inda karin harshen waƙoƙin yake kusa da na mutanen gari, har gobe ana jin su a rumfunan kasuwa da motocin haya da wuraren naɗin sarauta. Da wuya a sami mai musun gwanintar ƙungiyar. Abin da ake jayayya a kansa shi ne wanda gwanintar ta yi wa hidima, da hukuncinta a addini, da kuma wanda ya cancanci ɗaukar sunan bayan rasuwar jagoran.

Asali da tasowa

An haifi Musa Ɗanƙwairo a wajajen 1909 a ƙasar Bakura. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne da ya yi hulɗa da fadar Maradun, kuma a hannunsa Musa ya koyi amshi tun yana yaro. Laƙabin Ɗanƙwairo ya samo asali ne daga wani mutumin gidansu mai suna Ƙwairo, mai zaƙin murya, wanda aka ga muryar yaron ta yi kama da tasa.

Da ragamar gidan ta koma hannun yayansa, Abdu Kurna, Musa ya zama daudun kiɗi, wato mataimakin jagora. Daga baya ya tsaya da ƙafarsa. Sunansa ya game Arewa a zamanin Jamhuriya ta Farko, lokacin da ya yi wa Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, waƙoƙin da gidajen rediyo suka yi ta sanyawa. Bayan kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairu, 1966, ƙungiyar ta ci gaba da zagaya fadoji. Cikin waɗanda ta waƙe akwai 'Yandoton Tsafe, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekarar da aka cire Jihar Kabi daga tsohuwar Jihar Sakkwato.

Yadda ƙungiyar take aiki

Abin kiɗan da aka san ƙungiyar da shi shi ne kotso, ganga mai baki ɗaya da ake kaɗawa da hannu, ana matsa tsarkiyarta don sauya amo. Kotso kiɗan sarauta ne, kamar taushi da jauje, kuma ya sha bamban da kalangu wanda ake yi wa jama'a ba tare da la'akari da sarauta ba.

Jagora shi ke tsara waƙa, ya ɗora mata gindi, wato jimlar da ake komawa gare ta bayan kowane ɗan waƙa. A bayansa akwai daudun kiɗi da 'yan amshi, sai sanƙira mai kirari da fayyace wanda ake nufi. A wasu ƙungiyoyi aikin 'yan amshi bai wuce maimaita gindi ba. A gidan Ɗanƙwairo kuwa jagora kan fara jimla ya sake ta, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su rabu gida biyu suna miƙa wa juna layi har a sauka a kan gindi tare. Manazarta waƙar baka, ciki har da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, sun yi bayanin irin waɗannan dabaru da sunaye kamar ƙari da rakiya da karɓeɓeniya. Wannan salo ba ya yiwuwa sai da maimaici mai yawa da daɗewar zama tare, shi ya sa akasarin 'yan ƙungiyar jini ɗaya ne.

Wasannin ƙungiyar kan faɗo ne a lokutan hawan salla da naɗin sarauta da bikin 'ya'yan sarakuna da tarbar manyan baƙi. Waƙa guda tana iya ɗaukar dogon lokaci, domin ana jero nasabar basarake, da yaƙe-yaƙen kakanninsa, da bayinsa da fadawansa, kana a yi zambo ga abokan hamayyarsa. Ladan makaɗi a al'adance riga ce da doki da hatsi, daga baya aka ƙara da kuɗi da mota da kujerar Makka.

Saɓani na farko: fasaha

Tsohuwar muhawara a tsakanin masu sauraro ita ce wa ya fi tsakanin Ɗanƙwairo da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu a wajajen 1960. Masu fifita Narambaɗa suna kafa hujja da zurfin maganarsa da hikimarsa da yadda ya tsare ubangida ɗaya. Masu fifita Ɗanƙwairo suna nuni da haɗuwar muryoyin ƙungiyarsa da tsarin amshinta, suna cewa ba a yi kamarta ba wajen daɗin ji.

Akwai kuma ɓangaren masoya Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. A ganinsu gwani shi ne mai ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, ya waƙe direba da ɗan kasuwa da manomi, ba sai basarake ba. Waƙar da aka tsara aka haddace, komai kyanta, a wurinsu ba ta kai wadda aka yi a tsaye ba. Magoya bayan Ɗanƙwairo kan amsa da cewa tsari ba aibi ba ne, kuma abin da mutum shida suka saƙa da murya ba ya samuwa a bakin mutum ɗaya.

Harshe ma yana da nasa tasiri. Waƙoƙin suna cikin Hausar yamma, da kalmomin sarauta da na yaƙi waɗanda suka fara ɓacewa. Mutumin Gwandu ko Argungu yana kama yawancinsu ba wahala, amma matashin Kano ko Kaduna kan ji daɗin amon ba tare da ya gane habaicin ba. Daga nan ne ƙorafin wasu matasa yake fitowa, cewa waƙoƙin sun cika tsawo da maimaici.

Saɓani na biyu: sarauta da siyasa

A shekarun 1950 da 1960 Arewa ta rabu tsakanin jam'iyyar NPC mai mulki, wadda sarakuna suka mara wa baya, da NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950 tana kiran a 'yantar da talaka daga zaluncin hukumar En'e. A idon 'yan NEPU da magadansu na PRP, makaɗin fada kakakin masu mulki ne, mai ƙawata tsarin da ake karɓar haraji da jangali a ƙarƙashinsa. Waƙoƙin Sardauna sun sanya Ɗanƙwairo a ɓangare guda na wannan rabuwa, ko da kuwa shi a nasa ganin gadon gidansu yake yi.

Masu kare shi suna da hujjoji biyu. Ta farko, waƙar fada ba yabo zalla ba ce. Idan makaɗi ya siffanta sarki da adalci da haƙuri da kyauta a bainar jama'a, ya ɗora masa ma'aunin da talakawa za su auna shi da shi. Ta biyu, waƙoƙin taskar tarihi ne, domin sun adana sunayen sarakuna da hakimai da garuruwa da ba a rubuta da yawa daga cikinsu ba. Masu suka kan ce tarihin da aka saya da doki da riga yana buƙatar tacewa, domin makaɗi ba ya ambaton faɗuwar ubangidansa.

Wannan magana tana da nauyi na musamman a kwarin Rima. A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi, sarautar Kabawa ta koma ta kafu a Argungu, aka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakaninta da Gwandu da Sakkwato. Bikin kamun kifi na Argungu kansa an faro shi a 1934 ne don tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, alamar cewa gaba ta ƙare. A irin wannan ƙasa, nasarar da makaɗi ya yi wa wani gida kirari da ita rauni ce a tarihin wani gidan, don haka waƙar fada guda tana iya faranta wa wani rai ta sosa na maƙwabcinsa.

Saɓani na uku: addini

Jayayya a kan kiɗa ta girmi Ɗanƙwairo da fiye da ƙarni guda. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shagaltuwa da ganguna da kayan kiɗa cikin halayen sarakunan da ya soka. Ƙanensa, Malam Abdullahin Gwandu, shi ma ya tsananta a kan haka. Duk da wannan, fadojin da jihadin ya kafa sun riƙe tambura da kakaki da makaɗan yabo, kuma a cikinsu ne kotso ya bunƙasa.

Muhawarar ta sake zafi bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sannan bayan ƙaddamar da shari'a a Zamfara da Kabi da sauran jihohin Arewa daga 1999 zuwa 2001. Malaman da suka haramta suna dogaro da abubuwa uku: kayan kiɗan kansu, da wuce iyaka wajen yabon ɗan Adam, da zambo wanda suke ɗauka cin naman mutum ne. Masu sassauci suna duba abin da waƙar ta ƙunsa, suna cewa babu batsa a ciki, kuma tana cike da ambaton Allah da kira zuwa haƙuri da riƙon amana. Da yawa daga masu sauraro sun tsaya a tsakiya: suna jin waƙar a gida ko a mota, amma ba su zuwa filin wasa inda ake liƙi da almubazzaranci.

Idan aka kwatanta, gidan Ɗanƙwairo bai sha sukan da wasu suka sha ba. A Jihar Kabi, Muhammadu Gambo Fagada, wanda ya yi suna da waƙoƙin ɓarayi, ya fi raba kan jama'a nesa ba kusa ba.

Saɓani na huɗu: magada

Bayan 1991 'ya'ya da jikokin Ɗanƙwairo sun ci gaba da kiɗa da sunan gidan. A nan ma ra'ayi biyu ne. Wasu suna ganin ƙungiyar ta ƙare da jagoranta, abin da ya rage maimaita tsofaffin waƙoƙi ne ana sauya sunan ubangida. Wasu suna cewa gidan ya riga Musa kafuwa, shi ma gadonsa ya yi, kuma 'yan amshin da suka yi shekaru a bayansa rabin waƙar ne, saboda haka suna da haƙƙin ci gaba da ita. Irin wannan tambaya tana bin gidan Ɗandawo, wanda sunansa yake haɗe da fadojin Argungu da Yawuri, inda Sani ya gaji mahaifinsa Aliyu.

Yanayin da magadan suka tarar ya bambanta da na iyayensu. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon sarakuna da kuɗin shigarsu. Mai hannu da shuni a yau sau da yawa ɗan siyasa ne ko ɗan kasuwa, kuma mawaƙin fiyano da ke aiki a ɗakin ɗaukar sauti ya fi saurin biya masa buƙata. Ƙungiya mai baki da yawa tana da tsadar riƙo. Idan magada suka tsaya a kan kotso zalla, a ce sun kasa tafiya da zamani. Idan suka sa fiyano, a ce sun ɓata gado.

Makamancin haka a waje

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan gardama ba. A Ingila, daga ƙarshen shekarun 1960, an yi ƙungiyoyin kiɗan jita masu tsara dogayen waƙoƙi masu sassa da yawa, wasu suna kai minti 20. Masoyansu suna yaba ƙwarewa, masu suka suna cewa nuna isa ne da nisantar talaka. Ƙungiyar Yes, wadda aka kafa a Landan a 1968, ta ci gaba da wasa bayan rasuwar Chris Squire a 2015 ba tare da ko ɗaya daga waɗanda suka kafa ta ba, kuma masoyanta sun rabu a kan ko sunan ya dace da ita. A Pink Floyd, Roger Waters ya fice a 1985, ya kai maganar kotu don hana abokansa amfani da sunan, amma suka ci gaba da shi. Bambancin shi ne, a can yarjejeniya da lauyoyi ke raba gardama, a nan kuwa gado da yardar fada da kunnen jama'a ne alƙalai.

Matsayin waƙoƙin a yau

Waƙoƙin sun ratsa zamanin faifai da kaset, yanzu suna yawo a wayoyin hannu da YouTube da TikTok, inda ake yanko gutsure a ɗora a kan hoton hawan daba ko na ango. Ana nazarinsu a sassan Hausa na jami'o'i, ciki har da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Sai dai da yawa daga kwafin da ke yawo sautinsu ya dusashe, ba su ɗauke da shekarar ɗauka ko sunayen 'yan amshi, kuma ana yaɗa su kyauta ba tare da wani abu ya koma ga iyalan makaɗan ba. Dattawan da suka san wanda aka yi wa kowane habaici suna ƙarewa. Tattara waɗannan bayanai daga bakinsu, tare da kwafe tsofaffin faya-fayan gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato, aiki ne da mai yabon ƙungiyar da mai sukanta duka suke buƙata, domin kowannensu daga waƙoƙin yake ciro hujjarsa.