Makarantar da iyaye suka buɗe wa yaran da doka ta ce ba sa koyuwa

1/ Zare 🧵 A Ingila ta 1960, idan hukumar ilimi ta duba rahoton likita ta yanke cewa ɗanka ba zai iya koyon karatu ba, to shi ke nan, shi da makarantar gwamnati sai dai hange. Doka ce ta ba su wannan ikon. Yau tarihin wasu iyaye a Landan zan kawo muku, waɗanda suka ƙi yarda suka buɗe tasu makarantar. Ku gyara zama, da ɗan tsawo.

2/ Yaran da ake magana a kansu masu galahanga ne, abin da Turawa ke kira otizim. Na san a bakinmu kalmar galahanga tana kwashe lalurori da yawa, kowa da abin da yake nufi. A zaren nan ina nufin yaron da ƙwaƙwalwarsa ke aiki daban wajen magana da cuɗanya da mutane, mai son maimaita abu ɗaya, wanda ƙara ko haske ko sauyin tsari ke iya birkita shi.

3/ Asalin sunan a asibiti: 1943, wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Johns Hopkins da ke Baltimore ta Amurka, Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11 da ya ga halayensu sun yi kama. Na farkonsu Donald Triplett. Wannan bawan Allah ya yi aikin banki, ya zaga ƙasashe, bai rasu ba sai 2023 yana da shekara 89.

4/ Matsalar ta faro ne daga tambayar "me ke jawo shi?" Kanner da kansa ya yi ta nuna cewa iyayen yaran mutane ne masu sanyin mu'amala. Daga nan aka samo laƙabin "uwa firij". Wai uwar ce ba ta nuna wa jaririn ƙauna ba, shi ya sa ya kulle kansa ya daina kula duniya.

5/ Wanda ya fi yaɗa wannan zancen shi ne Bruno Bettelheim, shugaban wata makaranta a Chicago. Littafinsa na 1967 ya karɓu sosai, har ya kwatanta yaran da fursunonin sansanin Nazi, iyayen kuma kun san matsayin da ya ba su. Mutumin fa ba likita ba ne, digirinsa na falsafa ne. Bayan mutuwarsa a 1990 tsofaffin ɗalibansa suka fito suka ce dukansu yake yi.

6/ Kafin wani ya yi wa Turawa dariya: mu ma nan idan yaro ya kai shekara huɗu bai yi magana ba, wa ake fara kallo? Uwar. Ta fita da magariba da ciki, ta yi wanka a rafi, danginta ne ke da abin, ɗan ruwa ne. Su sun naɗe zarginsu da Turancin likitoci, mu mun naɗe namu da aljanu.

7/ Mu koma Ingila. Dokar ilimi ta 1944 ta raba yara masu naƙasa kashi-kashi, ta kuma ware wasu ta ce ba su koyuwa. Waɗannan an cire su daga hannun hukumar ilimi an miƙa wa hukumar lafiya. Zaɓin iyaye: cibiyar da za a riƙe yaron da rana, ko babban asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa inda zai iya ƙare rayuwarsa, ko zaman gida.

8/ Shawarar da likitoci da yawa ke bai wa iyaye a lokacin ita ce su kai yaron asibiti, su manta da shi, su sake haihuwa. Ka auna wannan maganar a kunnen uwa.

9/ A 1961 wata mata Ba'amurkiya mazauniyar Landan, Helen Allison, ta yi magana a shirin mata na rediyon BBC mai suna Woman's Hour a kan ɗanta Joe. Sai ga wasiƙu. Ashe iyaye na nan birjik, kowa a gidansa yana zaton nasa ɗan ne kaɗai a haka. Babu intanet, babu guruf na WhatsApp. Rediyo da gidan waya ne suka haɗa su.

10/ 1962 suka kafa ƙungiya. Ita ce yau ake kira National Autistic Society. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai lauya Michael Baron, da Helen Allison, da wata likitar ƙwaƙwalwa, Lorna Wing. Ku riƙe sunan nan na ƙarshe, za mu dawo kanta.

11/ Abin mamaki game da Lorna: ita likitar ƙwaƙwalwa, mijinta John Wing shi ma haka. Amma da aka haifi 'yarsu Susie a 1956, duk karatunsu bai shirya su ba. Sai da yarinyar ta kai wajen shekara uku aka gane mene ne. Idan gidan likitoci biyu haka, ina ga gidan direban bas?

12/ Tambarin guntun wasan haɗa hoto da kuke gani a riguna duk 2 ga Afrilu, daga wannan ƙungiyar ya fito a 1963, wani uba a cikinsu mai suna Gerald Gasson ya zana. Na asalin har da hoton yaro yana kuka a ciki. Manya masu galahanga da yawa yau ba sa son tambarin, suna cewa su ba abu ne da ya ɓace wani yanki nasa ba. Ƙungiyar ma ta daina amfani da shi.

13/ To ƙungiya ta kafu, buri na farko makaranta. Amma wa zai koyar? Babu kwalejin da ke horar da malamin irin waɗannan yara, tunda a hukumance ma ba ɗalibai ba ne. Nan Sybil Elgar ta shigo labarin.

14/ An haife ta 1914. Ba ta da digirin likita ko na sanin halayyar ɗan Adam. Horon koyar da ƙananan yara irin na Montessori ta yi, shi ma da girmanta. A ƙarshen shekarun 1950 ta ziyarci wani asibitin yini a Landan inda ake ajiye yaran da aka ce hankalinsu ya gushe. Abin da ta gani ya tsaya mata a rai: yara na ta gararamba, ba mai koya musu komai.

15/ Ku gane, barin yaran haka ba sakaci ba ne a idon masanan lokacin. Tsari ne. Tunda an yarda uwa ce ta danne yaron, magani shi ne a sake shi ya yi abin da ya ga dama har ya "buɗe". Elgar ta lura da akasin haka. Yaron da duniya ta riga ta rikice masa, idan ka sake shi cikin ɗaki ba tsari, ka ƙara masa ruɗani ne.

16/ Sai ta fara karɓar yara kaɗan a ɗakin ƙasa na gidanta da ke unguwar St John's Wood. Joe ɗan Helen Allison na cikin na farko. Iyayen ƙungiyar suka ga canji a yaran da aka ce musu ba fata, suka ce wannan matar muke nema.

17/ 1965 makarantar ta buɗe a titin Florence da ke Ealing, yammacin Landan, cikin wani tsohon masaukin ma'aikatan jirgin ƙasa da aka gyara. Mallakar ƙungiya ce, ba ta gwamnati ba, ba kuma don riba ba. Elgar ce shugaba. Susie 'yar Lorna Wing na cikin ɗaliban farko.

18/ Za ku ga ana rubuta cewa ita ce irinta ta farko a duniya. A yi hattara da wannan. A Birtaniya dai ita ce ta farko da aka buɗe musamman don masu galahanga. Amma tun 1953 Carl Fenichel ya buɗe League School a Brooklyn tare da wasu iyaye, don yaran da makarantu suka ƙi. A wurare daban-daban iyaye ne suka gaji da jira.

19/ Me ake yi a cikin ajin Elgar? Idan na faɗa za ku ce ai wannan ba wani abu ba ne. Kowace rana tsarinta iri ɗaya, yaro ya san me ke zuwa bayan me. Umarni gajere, kalmomi kaɗan. Abin da za a iya nunawa da hoto ko da hannu, a nuna. Babban aiki a gutsuttsura shi ƙanana, a maimaita har ya zauna.

20/ Kuma ba karatu da lissafi kaɗai ba. Sa riga, cin abinci a tebur tare da mutane, jiran layi, wanke hannu, waƙa da rawa. Wanda bai taɓa rainon irin yaron nan ba ba zai gane girman ranar da ya fara shiga banɗaki da kansa ba. Ga wannan gidan ranar sallah ce.

21/ Abin da ya fi burge ni da ita: tana sa rai yaron zai iya, kuma tana nema daga gare shi. An san ta da tsauri. Tausayin da ke cewa "ƙyale shi, ba shi da lafiya" yana da daɗin ji, amma shi ne ke barin yaro ya kai shekara 15 ana ba shi abinci a baki.

22/ Kuɗi fa? Da farko aljihun iyaye da neman taimako. Marubuci Steve Silberman ya ruwaito cewa mawaƙan Beatles sun ziyarci makarantar, John Lennon har da birgima a ƙasa da yaran, ya kuma zama cikin manyan masu ba da gudummawa na farko.

23/ Sai dai gudummawar shahararru ba ta biyan albashi duk wata. Irin wannan makaranta tsada gare ta, domin malami ɗaya yara ƙalilan zai iya riƙewa. Tsarin da ya riƙe ta shi ne: ƙungiya ke da makaranta, hukumomin ilimi na yankuna su turo yaro su biya masa. Da a kan kuɗin iyaye kawai ta dogara, da ta zama ta 'ya'yan masu hali.

24/ Masana ba su yarda haka kawai ba, sai da aka gwada. Michael Rutter da Lawrence Bartak suka bi yara 50 a cibiyoyi uku na tsawon shekara uku da rabi zuwa huɗu. Ɗaya ta nazarin zuciya, ɗaya mai sakin yara, ɗaya mai tsayayyen tsarin koyarwa, wato ta Ealing. Sakamakon ya fito 1973: a karatu, yaran aji mai tsari ne suka fi ci gaba.

25/ A daidai wannan lokaci ginin "uwa firij" na rushewa. 1964 Bernard Rimland, masani kuma uban yaro mai galahanga, ya fitar da littafi yana kafa hujjar cewa abin daga halittar ƙwaƙwalwa yake. 1969 Kanner ya tsaya gaban taron iyaye a Amurka ya wanke su daga laifi. 1977 binciken tagwaye na Susan Folstein da Rutter ya nuna gado na da babban hannu a ciki.

26/ Doka ma ta motsa. Majalisar Birtaniya ta yi dokar 1970, ta fara aiki Afrilun 1971, ta soke rukunin "ba ya koyuwa" a Ingila da Wales. Yara kimanin 32,000 da ke cibiyoyi da asibitoci suka koma ƙarƙashin hukumar ilimi. Ba makarantar Ealing kaɗai ta jawo haka ba, iyayen yara masu wasu lalurorin sun daɗe suna fafutuka. Amma ta zama hujjar da ake iya zuwa a gani da ido.

27/ Lura da jerin: makaranta 1965, doka 1970. Mu a Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya a Janairun 2019, kuma ta yi maganar haƙƙin ilimi. Takarda ta riga aji isowa. Je ka makarantar firamaren unguwarku ka tambayi hedimasta me zai yi idan aka kawo masa yaro ɗan shekara bakwai da ba ya magana.

28/ Na ce za mu dawo kan Lorna Wing. 1979 ita da Judith Gould suka yi bincike a yankin Camberwell na Landan, suka ga yara da yawa da ke da irin wannan matsala amma ba su shiga ƙunƙuntaccen ma'aunin Kanner ba. Daga nan tunanin cewa galahanga mataki-mataki ce ya samo ƙarfi: wani ba ya magana sam, wani yana jami'a.

29/ Shi ya sa alƙaluma suka canja. Binciken Victor Lotter na 1966 a Middlesex ya samu kusan yara 4 zuwa 5 cikin 10,000. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin kusan 1 cikin 100. Babban dalili faɗaɗa ma'auni ne da ƙaruwar ganewa. Zancen allurar rigakafi kuwa an bincika an sake bincikawa, ba a samu alaƙa ba.

30/ Sai wata tambaya ta taso da babu wanda ya shirya mata a 1965: yaran sun girma. Ɗan shekara 18 ba ya zama a ajin yara, iyaye kuma suna tsufa. Ina za shi? Asibitin da aka gudu tun farko yana nan yana jira.

31/ 1974 Elgar ta bar Landan ta koma wani gida mai fili a Brent Knoll, yankin Somerset, tare da wasu daga manyan ɗalibanta. Somerset Court, mazaunin farko a Birtaniya na manya masu galahanga. Aikin lambu, sana'ar hannu, zaman tare. 1975 aka ba ta lambar girmamawa ta MBE. Ta yi ritaya 1984, ta rasu Janairun 2007 tana da shekara 92.

32/ Akwai ɓangaren da ba daɗi, kuma ba zan tsallake shi ba. A 2016 aka rufe Mendip House, ɗaya daga gidajen da ke cikin Somerset Court ɗin nan, bayan masu fallasa sun kai ƙara. Rahoton hukumar kare manya masu rauni ta Somerset na 2018 ya bayyana yadda wasu ma'aikata ke wulaƙanta mazauna gidan. Ƙungiyar da iyaye suka kafa ce ke gudanar da wurin, ta kuma fito ta nemi afuwa.

33/ Yawancin mazauna irin wannan gida ba sa iya bayar da labarin abin da aka yi musu, iyalan wasunsu kuma suna nesa. Rahoton ya nuna an sha ganin alamu tun kafin 2016 ba a ɗauki matakin da ya dace ba, hukumomin da ke biyan kuɗin ma ba sa zuwa dubawa yadda ya kamata.

34/ Makarantar 1965 kuwa tana nan. Ta tashi daga titin Florence, yanzu babban reshenta na Southall, duk a ƙaramar hukumar Ealing, kuma sunan Sybil Elgar take ɗauke da shi. Ta biyu da ƙungiyar ta buɗe a Gravesend cikin 1968 an sa mata sunan Helen Allison, matar nan da ta yi magana a rediyo.