Ƙwayoyin da Ke Cin Dutse, da Gubar da Ke Kashe Su

Masana duwatsu sun raɗa wa wani zirin duwatsu na arewa maso yammacin Najeriya sunan Zuru, wani maƙwabcinsa kuma sunan Anka. Akwai zinariya a wannan yanki, kuma masu haƙar gargajiya sun san iyakarsu: abin da zaiba ta kama shi ne rabonsu. Sai dai akwai zinariyar da ba ta fitowa ko da an niƙe dutse ya koma gari, domin tana kulle a cikin ma'adinin da ya haɗa ƙarfe da farar wuta da asenik.

Irin wannan dutse ne ya addabi Obuasi ta ƙasar Gana, gari mai zangon Hausawa, inda kamfanin Ashanti Goldfields ya fara aiki tun 1897. Shekara da shekaru ana gasa dutsen da wuta, hayaƙin asenik yana sauka a kan gonaki. A 1994 kamfanin ya buɗe masana'antar Sansu, ya damƙa aikin a hannun bakteriya. Ba sabuwar dabara ba ce. A 1947 Colmer da Hinkle suka gano irin ƙwayoyin a ruwa mai tsami na ramukan kwal a Amurka, a 1986 kuma mahaƙar Fairview ta Afirka ta Kudu ta sa su aikin zinariya.

Halittu ne masu taurin rai. Suna zaune cikin asid, a tankuna masu zafin digiri 40 zuwa 45, suna cin ƙarfe da farar wuta har dutsen ya saki zinariyarsa cikin 'yan kwanaki. Asenik da ke kashe mutum, su sun saba da shi.

Abin da ba su jurewa shi ne sinadaran masana'antar kanta. Kafin dutse ya iso gare su, ana zuba zantet domin ma'adinin ya manne da kumfa ya taso sama, kuma ragowarsa idan ta yi yawa tana rage musu kuzari. Bayan sun gama sai a narkar da zinariyar da sayanayid, nan ne babbar matsalar take. Sayanayid na haɗuwa da farar wuta ya zama tayosayanet, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya tsayar da tanki, a yi kwanaki ana jiran ƙwayoyin su farfaɗo. Ga shi kowace masana'anta tana son sake amfani da ruwanta. Dole aka raba hanyoyin ruwa biyu, daga baya ma aka samo wasu ƙwayoyin da ke cinye gubar kafin ruwan ya koma.

Duk wannan lallashi saboda halittar da ido ba ya gani ne, don mutuwarta asara ce da akanta ke iya lissafawa. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum kuwa, a 2010, dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida aka riƙa niƙa shi, kusa da inda yara ke rarrafe. Akalla 400 daga cikinsu suka rasu.